Kawo jikoki wurin kakanninsu daga ƙasashen nesa: hukuncin tafiyar da ladubbanta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kai mu wannan dare na watan Ramadan muna da rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.  

Yau za mu ajiye karatun da muka saba, domin wata tambaya da ta iso mana ta hannun wani bawan Allah a nan unguwarmu. Ƙanensa yana zaune a Amurka shekaru masu yawa. Can ya kai matarsa, can Allah ya ba su ƴaƴa uku, babban yana da shekara bakwai, na tsakiya huɗu, ƙaramar kuwa tana shan nono. Mahaifiyarsu tana nan da rai, ta tsufa, idanunta sun soma dushewa, kuma ba ta taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya daga cikin jikokin nan ba, sai dai muryarsu da hotonsu a cikin waya. Yanzu ya ƙudurta ya kawo su cikin wannan wata, su yi Salla tare da ita. Yana tambaya yadda zai yi da azuminsa da sallarsa a cikin jirgin sama, da yadda matarsa mai shayarwa za ta yi. Ya kuma yi wata tambayar da ta fi waɗannan nauyi, ya ce: shin ba zalunci ba ne a ɗora wa ƙananan yara wahalar irin wannan tafiya?

Mun ga ya dace mu amsa a nan a bainar jama'a, domin ba gidansu kaɗai abin ya shafa ba. A yau da wuya ka samu unguwa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, wadda ba ta da ɗa ko ɗiya a Faransa, ko Beljiyam, ko Amurka, ko Makka da Jidda. Akwai ƴan Nijar da dama a New York da wani gari da ake ce wa Greensboro, wasunsu ma ta waya suke sauraron wannan shiri.

Mu fara da tambayar ƙarshe, domin ita ce tushe. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana da shekara shida mahaifiyarsa Amina ta ɗauke shi daga Makka zuwa Yasriba, garin da daga baya ya zama Madina. Can ne kabarin mahaifinsa Abdullahi yake, can ne kuma dangin kakansa Abdul Muɗɗalibi na wajen uwa suke, wato Banu Najjar. Tafiya ce ta fiye da kilomita 400 a kan raƙumi, cikin rairayi da duwatsu, babu inuwa, babu likita, tare da su akwai Ummu Aimana. Sun zauna kimanin wata guda. A kan hanyar komowa ciwo ya kama Amina, ta rasu a wani wuri da ake kira Abwa'u, Ummu Aimana ta riƙo hannun marayan ta kawo shi Makka ta miƙa wa kakansa. Kakan nan ya rungume shi, har yakan zaunar da shi a kan shimfiɗarsa ta inuwar Ka'aba, wadda ƴaƴansa manya ba su kusantar ta don girmamawa. Bayan shekaru masu yawa, da Manzon Allah ya yi hijira, ya gane gidan da suka sauka shi da mahaifiyarsa, ya tuna yaran da ya yi wasa da su.

Ku duba, ƴan uwa. Yaro ɗan shekara shida, wata guda kaɗai, amma abin ya zauna masa a zuciya har ya manyanta. Saboda haka kada wani ya ce yara ƙanana ne, ba za su tuna komai ba, a bari sai sun girma. Yaro yana tuna warin ɗakin kakarsa, yana tuna furar da ta dama masa, yana tuna sunan da ta laƙaba masa. Sa'an nan shi tsoho ba ya da alkawari da kowa cewa zai jira. Sau nawa muka tsaya a kan gawa a wannan gari, ɗan mamacin yana kuka a cikin waya daga wata ƙasa, yana cewa baɗi ya yi niyyar kawo yaran? Mun ga wannan da idanunmu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Allah Maɗaukaki ya gwama tsoronsa da kiyaye zumunci a farkon suratun Nisa'i, ya kuma yi mummunan gargaɗi ga masu yanke shi a suratu Muhammad. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa sada zumunci yana buɗa arziki, yana sa albarka a cikin kwanakin mutum. Kaka kuwa uwa ce, kakan namiji uba ne, haƙƙinsu haƙƙin iyaye ne. Wanda ya karanta suratu Yusuf ya san abin da kewar ɗa ta yi wa idanun Annabi Yaƙubu, alhali shi annabi ne mai haƙuri. To, ina ga tsohuwar da ke zaune a ƙofar ɗakinta a wani ƙauye, tana lissafin shekaru da damina? Wayar nan ni'ima ce, ba mu raina ta ba, kuma wanda ba ya da halin zuwa, ko takardunsa ba su ba shi damar fita ya koma ba, to ya riƙe wayar da aike, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma wanda ke da hali, yana sauya mota, yana zuwa yawon buɗe ido, sa'an nan ya ce kuɗin jirgin yara sun yi yawa, wannan ya sake duba lissafinsa.

Don haka amsar ita ce, ba zalunci ba ne, ibada ce, matuƙar an yi ta da shiri. Kuma labarin Abwa'u da muka kawo yana nuna mana cewa tafiya ba wasa ba ce, tana iya cin rai. Shi kansa Manzon Allah ya siffanta tafiya da azaba, saboda tana hana mutum barcinsa da cinsa da shansa. Kakanninmu sun san haka. Da can mutum yakan tashi daga Katsina ko Damagaram da matarsa da goyo, a ƙasa ko a kan jaki, ya bi ta Barno, ya ratsa Cadi, ya shiga Darfur, ya kai bakin Bahar Maliya, yana tsayawa yana noma yana neman guzuri. Wani ya yi shekaru kafin ya ga Ka'aba, wani ɗan da aka goya ya dawo da gemu, da yawa kuma ba su dawo ba, zuriyarsu ce ke zaune a Sudan har yau. Abin da ya ci musu shekaru, yanzu wuni da kwana ne. Sai dai wuni da kwanan nan ma yana da nasa nauyi.

Ku lissafa tare da mu. Wanda ya taso daga New York ya bi ta Kasabalanka, zai yi kimanin awa 7 a sama, ya sauka ya jira wani jirgin, wani lokaci jiran ya kai rabin wuni, sa'an nan ya ƙara awa 3 da wani abu kafin ya sauka a filin jirgi na Diori Hamani a Yamai. Wasu ta Istanbul suke biyowa, wasu ta Adis Ababa, kuma waɗannan hanyoyin sun fi tsawo. Da ya sauka Yamai bai iso ba tukuna. In Maraɗi ya nufa, akwai fiye da kilomita 600 a gabansa, ta Doso, da Dogon Dutsi, da Ƙonni, da Madawa. In Damagaram ne, kusan 900. Wuni guda cur a cikin mota, da yaran da ba su yi barcin kirki ba tun jiya, kuma agogon jikinsu yana nan a kan na can, domin tsakaninmu da New York akwai bambancin awa 6 a lokacin sanyi, awa 5 a lokacin zafinsu. Shi ya sa za ku ga yaron yana wasa da tsakar dare, yana barci da hantsi. Ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba ne, kwana kaɗan jikinsa zai daidaita. Shawararmu ita ce a kwana biyu a Yamai a huta kafin a kama hanyar mota.

To, mu zo ga azumi. Allah ya yi wa matafiyi rangwame a cikin suratul Baƙara, ya sha ya rama bayan wata. A mazhabarmu ta Imamu Malik, tafiyar da ake shan azumi a cikinta ita ce wadda ake ƙasaru a cikinta, wato barid 4, mil 48, abin da ya kai kilomita 80 da ɗoriya, kuma ta kasance tafiyar halal. Yin azumin ya fi ga wanda zai iya ba tare da cutuwa ba. Amma akwai wurin da mutane ke faɗawa, ku saurara da kyau. Wanda zai sha, ya kwana da niyyar sha, kuma ya kasance ya fita daga garinsa kafin alfijir. Idan alfijir ya keto yana gida, to ranar nan ya tashi da azumi ko da jirginsa da azahar zai tashi. Idan kuma yana cikin tafiya ya kwana da niyyar azumi, sa'an nan da rana ya ga an kawo abinci ya ce ai ni matafiyi ne ya ci, ba tare da wata lalura ba, mashhurin zance a mazhaba shi ne akwai kaffara a kansa bayan ramuwa. Don haka uban yara ya yanke shawararsa tun da dare. Mu kuwa abin da muke gani, mutumin da zai ɗauki kaya, ya riƙe yaro a kafaɗa, ya bi layi bayan layi, ya kula da matarsa, ya fi masa ya karɓi sauƙin da Allah ya ba shi, da ya yi azumi yana tsawa yana zagi. Azumin da zai sa ka mari ɗan shekara huɗu a filin jirgi, ramuwarsa a Shawwal ta fi alheri.

Wanda ya zaɓi ya yi azumin, ya sani ba a buɗa baki da agogon garin da aka baro, ba a kuma yi da agogon garin da za a sauka, ko na garin da jirgi ke wucewa ta samansa. Rana ake dubawa daga inda mutum yake. Matuƙar kana ganin ƙwayar rana ta tagar jirgi, ba ka sha ruwa ba, ko da mutanen da ke ƙasa sun yi magariba. Mai tafiya yamma, kamar mai komawa Amurka, wuninsa zai yi tsawo, domin yana bin rana a baya. Mai tahowa gabas kuwa darensa gajere ne, alfijir zai riske shi da wuri, sai ya gaggauta sahur. Idan kuma rana ta faɗi kana ƙasa, ka sha ruwa, jirgi ya tashi ka sake hango ta daga sama, azuminka ya cika, babu kome a kanka.

Mai shayarwa fa? Ita tana da uzuri biyu, na tafiya da na shayarwa. A kwanakin hanya ta sha saboda tafiya, ramuwa kaɗai ke kanta. Muna ma ƙarfafa mata ta sha, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce, tana jawo ƙishirwa, nono kuma da ruwa yake zuwa. Bayan an iso an zauna, in ta ji tsoron cutuwar jaririyar, kuma babu wata hanyar ciyar da ita, sai ta sha ta rama, ta kuma ciyar da mudun Annabi guda na hatsi ko shinkafa a kan kowace rana. Mai ciki kuwa in ta ji tsoro, ramuwa kaɗai za ta yi a mashhurin zance. Su yaran kuma babu azumi a kansu sai sun balaga. Kada kaka ta ce ɗan shekara bakwai ya gwada a kwanakin nan, alhali jiya ya fito daga ƙasar ƙanƙara ya faɗo cikin zafinmu.

Salla kuma, azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu biyu ne ga matafiyi, kuma sunna ce mai ƙarfi a wurinmu. Asuba da magariba suna nan yadda suke. Ana fara ƙasaru bayan an wuce gidajen gari. Kwana biyun da za a yi a Yamai ana hutawa, har yanzu tafiya ce. Amma da zarar an iso inda aka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, hukuncin tafiya ya yanke, a cika salla, a kama azumi daga gobe. Wanda ya iso da rana ba shi da azumi, ba dole ba ne ya kame bakinsa sauran wunin, sai dai ya ci a ɓoye don girmama wata. Mun faɗi wannan ne domin mun taɓa ganin wanda ya zo hutun wata guda, yana ƙasaru har ya koma, yana cewa shi baƙo ne.

A cikin jirgi, dabara ita ce a shiga da alwala. Idan za a sauka kafin lokacin salla ya fita, a jinkirta a yi ta a ƙasa a tsaye, ana fuskantar alƙibla. Ku tuna azahar da la'asar suna tarayya a lokacin lalura har faɗuwar rana, magariba da isha'i kuma har ketowar alfijir. Idan lokaci zai fita ana sama, kamar yadda yakan faru da asuba, a yi ta a cikin jirgin, a tsaye in an samu wuri kuma ma'aikata sun yarda, in ba haka ba a zaune da nuni. Ba a barin salla ta fita don babu tabarma. Taimama a mazhabarmu da ƙasa ko dutse ake yi, ba da kujera ko bargo ba, shi ya sa dattawanmu ke sa ɗan dutse a aljihu in za su hau jirgi.

Ga uwa mai goyo akwai sauƙi na musamman. Fitsarin jariri najasa ne a wurinmu, namiji ne ko mace, amma malamai sun yi wa mai shayarwa afuwa a kan abin da ya taɓa tufafinta in tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, sun kuma so ta keɓe zane guda na salla. Sai ta sa zanen nan a jakar hannu, kada ya tafi cikin manyan kaya. In yarinya ta ƙi sauka, a sauya mata ƙunzugu a yi salla da ita a jiki. Manzon Allah ya yi wa mutane limanci yana ɗauke da jikarsa Umama, ɗiyar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta.

Wannan hadisin yana kai mu ga maganar haƙuri. Jariri yakan yi kuka sa'ad da jirgi ke tashi da sa'ad da yake sauka, domin kunnuwansa na toshewa suna yi masa zafi, shi kuwa bai san yadda zai buɗe su ba. Maganin abin shi ne a ba shi nono a wannan lokaci, babba kuma a ba shi abin tsotsa ko ruwa ya riƙa haɗiya. Ɗan shekara huɗu ba zai zauna awa bakwai kamar dattijo ba, ka tashi ka zaga da shi. Kai maigida, kada ka toshe kunne ka yi barci ka bar ta da uku. Wanda yake gajarta salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, shi ne abin koyinmu. Idan kuma dole ta sa matar za ta taho da yaran ita kaɗai, malamai sun yi saɓani. Asali shi ne mace ta yi doguwar tafiya da miji ko muharrami. Imamul Baji, daga cikin manyan malamanmu, yana ganin babban ayari amintacce kamar gari yake, kuma da wannan wasu malaman zamani suka yi sauƙi a kan jirgin sama. Wanda ya ɗauki wannan, ya kai ta filin jirgi da kansa, ya tabbata muharraminta yana jiranta a Yamai, ya kuma rubuta mata takardar yardarsa, domin hukumomi da dama suna tambayar ta in yara na tafiya da mahaifi ɗaya.

Sai maganar lafiya, kuma a nan muna roƙon ku buɗe kunne, domin amana ce. Yaron da aka haifa a Turai ko Amurka jikinsa bai san zazzaɓin cizon sauro ba. Abin da zai kwantar da ɗan nan gida kwana uku, shi yana iya kai shi kabari. Hutun makarantunsu kuma yakan faɗo a watannin Yuli da Agusta, tsakiyar daminarmu, lokacin da sauro ya fi yawa. A je wurin likita tun can, makonni kafin tafiya, a karɓi maganin rigakafi, a sha shi yadda aka ce har bayan an koma. A yi allurar shawara, wadda ake neman katinta a wurin shiga ƙasarmu, a tambayi ta sanƙarau in lokacin rani ne. A kwana cikin sange kowane dare. A ba su ruwan da aka tafasa ko na gora. In gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi likita. In jikinsa ya yi zafi, ko a nan ko bayan an koma can, a gwada jininsa a ranar, kada a ce gajiyar hanya ce. Wani zai ce ina tawakkali? Manzon Allah ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Ku yi musu addu'ar tsari safe da yamma kamar yadda yake yi wa Hasan da Husaini, ku kuma rataya sangen.

Yanzu mu juyo gare mu, mu kakanni, domin mai maganar nan ma yana cikinku, kuma ba za mu yi wa kanmu sassauci ba. Yaran nan za su zo ba su iya durƙusawa ba. Wani zai miƙo maka hannun hagu, wani zai kalle ka cikin ido, wani ba ya jin Hausa sai kalma biyar. Wata za ta ga tuwon hatsi da miyar kuka ta kau da kai, ta ga akuya ta ruga da gudu. Kada mu ce an lalata su, kada mu kira su Nasara ko da wasa, domin wasan jika da kaka sai an saba yake daɗi. Ke da za ki ce masa maigida, ki ce wa ƙanwarsa kishiya, ki bari su gane ki tukuna. Yaron da ya ji an yi masa dariya a ranar farko, bakinsa zai rufe har ya koma. Wanda aka zaunar a cinya, aka koya masa sunan kaza da tunkiya, aka yi masa tatsuniya, aka biya masa Fatiha, zai koma yana tambayar yaushe za a sake zuwa. Ku iyaye kuma laifinku ne in yaro ya kai shekara bakwai bai iya gaida kakarsa da harshenta ba. Ku fara tun yau, ko a cikin jirgin ne, ku koya masa ina kwana da ina wuni.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, dole mu faɗe shi. Kada kaka ta faki idon uwa ta kira wanzami a cire wa jariri beli, ko a yi masa tsaga, ko a ɗura masa jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba. Ba addini ba ne, kuma aska guda tana iya jawo zubar jini ko ciwon da ba ya warkewa. Haka nan kada a ɓoye fasfon yara a ce ba za su koma ba, sai an bar su nan sun samu tarbiyya. Mun san niyyar kyakkyawa ce, mun san tsoron da ke zuciyarku game da addininsu. Amma renon yaro haƙƙin iyayensa ne matuƙar suna tare, kaka tana zuwa ne bayan uwa, ba gabanta ba. In ana son yaro ya zauna ya yi karatun allo, a zauna a yi shawara da uba da uwa, kowa ya yarda da bakinsa. Abin da aka ƙwata da dabara yakan sa a ɗauke sauran jikokin a daina kawo su har abada, mun kuma ga gidan da haka ta faru.

Dangi da maƙwabta, ku ma ga naku. Abin da ke hana da yawa daga cikin ƴaƴanmu zuwa ba kuɗin jirgi kaɗai ba ne, tsoron tsaraba ne. Yaro in ya cika shekara biyu kujerarsa daban ake saya, mutum ya tara shekara biyu ko uku kafin ya haɗa kuɗin mutum biyar. Ya iso, tun bai kwance kaya ba an cika zaure, wannan na son waya, wancan na son jari, waccan na aurar da ɗiya. Wanda bai samu ba ya fita yana cewa ya yi rowa. Har ta kai wasu suna cin bashi mai ruwa a can domin su fita kunya a nan, su sada zumunci da riba. Ku bar mutum ya zauna da uwarsa. Kwana ashirin ko talatin gare shi bayan shekaru, kada ku cinye su da buƙatunku. Shi kuma ya raba kwanakin da adalci, domin matarsa ma tana da iyaye, su ma jikokinsu ne. In nata suna Tasawa nasa suna Maraɗi, kada a ba su wuni guda kamar an je gaisuwar mutuwa.

Saura mas'ala biyu gajeru da mai tambaya ya haɗa da su. Ta farko, ya fara azumi a can, kuma wataƙila ranar farawarsu ta saɓa da tamu. Hukuncinsa hukuncin mutanen garin da Salla ta riske shi, ya sha ruwa tare da mu, ya je idi tare da mu. In ya lissafa ya ga azuminsa 28 ne, sai ya rama guda, domin wata ba ya kasa kwana 29. Ta biyu, zakkar fid da kai. Yana fitar wa kansa da matarsa da yaran uku, har da mai shan nono, sa'i guda ga kowane kai, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da mutanen garin suka fi ci. Tun da a nan Salla za ta same shi, a nan zai fitar, hatsi ko shinkafa, ya ba mabuƙatan unguwar mahaifiyarsa kafin a tafi idi, kuma ya halatta ya gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu.

Lokacinmu ya ƙure. Allah ya kawo su lafiya, ya sa tsohuwar nan ta shafa kan jikokinta da hannunta, ya mayar da su lafiya. Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu. Gobe in Allah ya kai mu za mu koma kan karatunmu, a babin i'itikafi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.